Mijin Ige a Ƙasar Dodanni

Bazarar bana a zaune ta same ni, ƙafar dama miƙe cikin karan ɗori. Daga kasuwar Lolo nake dawowa a bayan babur, na ce wa mai babur ya ƙara wuta don kada ya ɗauka tsoho tsoro yake ji. Ya ƙara. Rairayi ya karɓe mu. Shi ya tashi yana kakkaɓe riga, ni kuwa aka kwaso ni kamar buhun albasa. Mai ɗori ya ce kwana arba'in kada in taka. Kwana arba'in, daidai lokacin da duk mai gona a Kaoje yake fitowa da safe ya ɗaga kai gabas ko zai ga hadari.

Zafin bana bai yi wa kowa kara ba. Kafin hantsi kwanon ɗaki ya fara ƙas-ƙas, kaji su shige ƙarƙashin rumbu baki buɗe, ruwan randa ma da ɗuminsa kamar an sauke shi daga murhu. Ige, matata, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin dogon yaro, ta ce nan ne ofishina har Allah ya yi ikonsa.

Ana nan ɗiyata ta fari ta zo hutun makaranta. Ba na kiran sunanta, Malama nake ce mata, don tana koyarwa a firamare a Bagudo. Ta ba arba'in baya, kuma tun tana ƙarama ba ta iya kewaye ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce:

"Baba, bana kam a bar gonar bakin gulbi. Bara ruwa ya cinye, bara waccan ma ya cinye. Irin da ya rage cikin tulu a cashe shi, ku ci kai da Inna. Gonar a ba masu injin ban ruwa su yi noman rani, kai ka huta."

Na ce, "Na ji."

"Baba, na san 'na ji' ɗinka."

Tulun da take magana babba ne, ya kai ƙugun mutum, yana kuryar ɗakina bakinsa shafe da laka. Jar shinkafa ce a ciki, irin wadda in gulbi ya hau ita ma sai ta hau. Bara ruwan ya zo da gaggawa, ya fi ta sauri, abin da na tsira da shi ke nan. A ƙauyenmu babu mai irinta kuma, kowa ya koma farar nan ta inji. Ranar da aka zuba ta a turmi, ta ƙare ke nan.

Da Malama ta ga magana ba ta shiga ba, sai ta buɗe jaka ta fito da wata waya mai faɗin faranti. Ta ce akwai wasa a ciki, ita ma tana taɓawa in ta gama duba littattafan 'yan makaranta. Nan take na gane turke ne aka zo a kafa mini, in shagala har ruwa ya sauka lokacin shuka ya wuce. Na karɓa. Ina so in ga igiyar.

Bokona na yaƙi da jahilci ne, wata shida, shi ma rabinsa a gyangyaɗi na yi. Turancin wasan ba na ji, Malama ke fassara mini, in ta shiga ɗaki in bi hoto. Da farko aka jero mini mutum huɗu in zaɓa: saurayi mai takobi, mace mai kwari da baka, tsoho mai sanda mai fitar da wuta, da wani gajere mai tumbi da gatari. Malama ta ce tsohon ya dace da ni. Na ce ni ba boka ba ne. Na ɗauki mai gatari, don riƙonsa riƙon mai aiki ne. Aka ce a sa masa suna, na ce ta rubuta Mijin Ige.

Ige tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tumbin dai ya yi kama."

Zan faɗi gaskiyar wasan nan, don na ji masu cewa shirme ne alhali ba su taɓa riƙe shi ba. Wanda ya gina shi ya taɓa zama bakin ruwa. In iska ta taso ciyawar bakin rafi takan kwanta gefe guda, kuma tsuntsaye sukan tashi kafin dodo ya fito. Malama ba ta taɓa lura ba, ni a kwana na biyu na gane, na daina mutuwa a fadama. Kuma ba a ba ka girma kyauta. Mijin Ige da ɓeraye ya fara, su ma sai da suka kashe shi sau uku. Sannu sannu hannunsa ya faɗa, gatarinsa ya yi nauyi. Ƙasar duk baƙa ce a taswira, ba ta buɗe maka sai inda ƙafarka ta taka. Wannan ya yi mini daidai. Aka haɗa ni da mai kwari da bakan nan a matsayin abokiyar tafiya, bakinta sak na wata taubashiyata, duk faɗuwar da na yi sai ta yi sharhi. Na so ta.

Sai dai mutanen ƙasar ba su da tarbiyya. Kwana biyu na yi ina tsayar da Mijin Ige a ƙofar gidaje ina jiran a ce ya shigo. Malama ta ce, "Baba, shiga kawai, ba a sallama." Na shiga. Mai gida yana tsaye yana kallo, wai in fasa masa tukwane in kwashe abin ciki, shi kuma ya ci gaba da faɗa mini cewa bana an yi sanyi. Na ƙi. Na ce Mijin Ige ba ya taɓa tukunyar kowa. Ige ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan rariya.

Ga kuma aike. An ce duniya na shirin ƙarewa, sarkin dodanni na tafe, amma wata tsohuwa sai ta tsare ka a hanya ka nemo mata agwaginta shida. Ga jakar Mijin Ige, gatari uku, sulke biyu, har da kan wani dodo, kuma yana gudu yana tsalle wuyansa bai ko sage ba. Yunwa kuwa wani ɗan layi ne a saman kansa, in ya ragu a ba shi biredi guda ya cika. Wanda ya zana gulbin ya san gulbi, wanda ya zana yunwar bai taɓa kwana da ita ba.

Akwai wasu jajayen kwalabe da ake tsinta, in jarumi ya ji ciwo ya sha ya warke. Ni tara su na yi ta yi. A wata gada wani ƙaton dodo mai kan bijimi ya yi ta maka ni da ƙasa har na mutu, Malama ta karɓi wayar ta buɗe jakar.

"Baba, talatin da bakwai. Don mi anka ba ka su?"

"Don ranar wuya."

"Ai ranar wuyar ce ta kashe ka."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma kwalba ɗaya kawai na yarda na sha.

Bayan gadar muka shiga wani gari da fari ya cinye. Gonaki sun ƙone, mata tsaye da goyo a ƙofar fada, rumbu ɗaya tak ya rage, na iri. Sarkin garin ya ce jarumi ya yanke hukunci: a buɗe a ci, ko a tsare har ruwa ya sauka. Layi biyu na rubutu suka fito suna jirana. Na daɗe ina kallon wata mace a gefe. Ɗanta ba ya kuka, kansa kawai ya langaɓe a bayanta. Ban san wa ya faɗa musu haka abin yake ba.

Malama ta ce, "Zaɓi ɗaya mana. In bai yi kyau ba sai mu koma inda muka ajiye wasan, ka zaɓi ɗayan."

Na kife wayar kan tabarma. Na ce ta zauna ta ji wani labari.

Shekarar da aka haife ta gulbi bai hau ba. Waɗanda suka san gulbin Kwara da cin gonaki ba za su yarda ba, amma shinkafa ta tsaya jiran ruwa har ta bushe a tsaye, gero ya fid da kai babu ƙwaya. Kafin bazara rumbunanmu sun koma ɗakin ƙadangaru. Gulbi ya janye har ana ratsa wani reshensa da wando naɗe. Shanun Fulani suna faɗuwa a hanyar mashaya, nama ya yi araha, sai dai babu kitse ko na shafa leɓe. A cikin wannan zafin azumi ya kama.

Da asuba mu sha ruwan dusa da sunan sahur. Gari na wayewa mata su tafi tafkin da ya rage su tono bado cikin taɓo, mu maza mu ɗauki fartanya mu bi gidajen tururuwa muna tone hatsin da suka tara. Wani gidan ka samu cikin tafi biyu, wani ka samu cizo kawai. In rana ta take kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba don barci ba, don tsayuwa tana sa jiri. Harshe ya bushe kamar ƙirgi. Da la'asar a ji turmi yana amsawa a hankali, kamar shi ma yana azumi. Da magariba a sha kunun bado, baƙi-baƙi, mai warin taɓo. Ka ci cikinka ya cika, ka tashi kamar ba ka ci ba.

Tulun nan na Babana ne a lokacin, Allah ya jiƙansa. Ya cika shi da iri, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya shafe bakin da laka ya danna tafin hannunsa a kai. Kowace safiya bayan salla sai ya ƙwanƙwasa cikin tulun da bayan yatsa ya ji amonsa, sannan ya fita.

Ige tana shayarwa, nono ya ƙafe. Kukan jaririyar ya koma kamar na ɗan mage, daga baya ma ta daina. Ta kwanta kawai tana kallon rufin ɗaki. Na sami Baba a zaure na durƙusa.

"Baba, ko tiya ɗaya."

"In na ba ka tiya, mi zan ce wa ƙannenka? Su ma suna da mata. Wanga tulu ba abinci ba ne, baɗi ce ke ciki."

Ranar Juma'a ya tafi masallaci da sauran maza, ni na ce cikina ke murɗa. Na fasa lakar, na juye irin kan zane, na ɗebi abin da na ɗiba, na zuba rairayi a ƙasan tulu don kada amo ya canza, na mayar da sauran a sama. Na kwaɓa sabuwar laka na shafe, na danna hannuna. Har ja da baya na yi ina yaba aikina. A ganina ba a taɓa yin ɓarawo mai basira kamata ba a ƙasar Kabi.

Ige ta riƙa murje shinkafar tsakanin duwatsu biyu a bayan ɗaki don kada a ji turmi, ta dama ɗan kunu da tsakar rana lokacin da kowa ke kwance. Mai shayarwa ba azumi a kanta. Ba ta tambaye ni inda na samo ba, ni ma ban faɗa ba. Ba zan yi ƙarya ba, sau biyu ta ajiye mini ludayin na lashe bayan magariba. A kwana na huɗu jaririyar ta tsala wani kuka da ya tashi gidan duka daga kwanciyar rana. Ban taɓa jin daɗin kuka ba sai ranar.

Juma'a uku na yi ina ciwon ciki.

Wata safiya iska ta juyo daga kudu da ɗan sanyi, gabas ta yi duhu kaɗan ta washe. Baba ya kira ni ɗakinsa. Yana tsaye gaban tulu.

"Mamman, aza hannunka nan."

Na aza kan shatin hannun da ke jikin lakar. Hannuna ya zauna daram. Sai ya ɗaga nasa hannun ya nuna mini. Yatsansa na tsakiya guntu ne, lauje ya cire masa gaɓa ɗaya tun yana saurayi. Tun ina goye nake ganin hannun nan, amma ranar da nake kwaɓa laka na manta.

"Mi ya rage?"

"Rabi, Baba."

"Tun Juma'ar farko na gani. Na kuma ji ƙamshi, hancina bai mutu ba." Ya dafa tulun. "In na yi magana, dole in hana ka. Yanzu ɗiyar ta tashi. Ruwa na tahe, bai wuce kwana goma ba. Ka tahi ka cika mini tuluna."

Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Na ɗauki fartanya da buhu na bi hanyar Lolo a ƙasa, na tsallaka iyaka zuwa ƙasar Benin, wadda tsofaffinmu ke ce wa Dahome. Na yi ta tambaya gari gari har aka nuna mini wani dattijon Dendawa da fadamarsa ta sami ruwa a shekarar. Hausarsa guntu-guntu, Dendancina bai wuce gaisuwa ba. Ya dubi hannuna, ya dubi buhun, ya nuna mini fadama. Kwana tara na yi ina sare masa ciyawa ina kifa ƙasa da azumi a bakina. Da yamma matarsa ta ba ni garin rogo jiƙe da ɗan gishiri, in ci ina jin kunyar mutanen gida. A rana ta goma ya auna mini jar shinkafa ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya nuna ruwa da hannu yana ɗagawa sama, ya nuna shinkafar ya ɗaga hannun ya fi na farko.

Buhun nan a kaina na ɗauko shi, da gammon tsumma. Har yau in sanyi ya shigo wuyana yana tuna mini. Sallah a hanya ta same ni, na ajiye kaya na bi sahun mutanen wani ƙauye da ban san sunansa ba. Bayan na wuce Lolo hadari ya haɗu. Na fara jin ƙamshin ƙasa tun kafin ɗigo ya taɓa ni, sannan ruwa ya kece. Babu bishiya, babu bukka. Na tuɓe riga na rufe buhun, na kifa cikina a kansa, ruwa yana dukan bayana kamar ana watsa tsakuwa. Na buɗe baki a gefe ina sha ina dariya ni kaɗai.

Na iso gida an riga an kira gayya. Maza da ƙasusuwan haƙarƙari a waje sun jeru da fartanya, makaɗi ma da ƙyar yake ɗaga hannu. Baba ya kwance buhun, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza.

"Ja ce."

"Ja ce, Baba."

"To."

Iyakar abin da ya ce a kan maganar ke nan, har ya bar duniya. Aka watsa iri, aka bi da fartanya ana rufewa. A shekarar gulbi ya hau, shinkafarmu ta da ta nutse a kwari, jar ta bi ruwa ta hau. A cikin jirgin ruwa muka yanke ta.

Da na kai nan a labarin, na dubi Malama. Ta juya wajen uwarta.

"Inna, haka anka yi?"

Ige ta ce, "Kin ci, kin yi kuka, kin hana mutane sakat. Har yau ba ki daina ba."

Na ce, "Don haka tulun nan kin riga kin ci rabonki a cikinsa tun ba ki da haƙori. Abin da ya rage na ƙasa ne."

"In ruwa ya sake ci fa, Baba?"

"Ya ci. Gara gulbi ya ci da in ci da bakina."

Ta ɗauki wayar ta juyo ta. Sarkin yana nan tsaye, layi biyun suna jira. Ta ce in ban zaɓa ba wasa ba zai ci gaba ba. Na ce ya tsaya. Masu wasan sun iya tambaya, na ba su wannan, ban zaci akwai wanda ya san ta a wajen ƙasarmu ba. Amma sun bar ƙofa a baya, mutum ya ɗanɗana wannan ya dawo ya ɗanɗana wancan, ya ga wanne ya fi riba. Ni an riga an yi mini tambayar sau ɗaya, babu inda na ajiye da zan koma, kuma ko akwai ba na komawa.

Ruwa ya sauka ina kwana ashirin da tara cikin kara. Da safe na fara laluben sanda, sai na ji ƙarar amalanken shanu a ƙofar gida. Malama ce ta kira shi. Ta sa aka ɗora tulun, aka ɗora ni, ta ce sharaɗi ɗaya, ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba. Na ce na ji.

A gona na fasa lakar da kaina. Na gwada watsa iri daga kan amalanke, rabi yana zuba a kan bayan shanu, masu gonar maƙwabta suka dafa fartanya suna kallo. Wani ya ce, "Malam Mamman, shanun kake shukawa?" Malama ta tsaya tana dubana, ta yi tsaki, ta cire takalmi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta karɓe ƙwaryar daga hannuna. Ta shiga taɓo har idon sawu. Ta damƙi irin gam tana jefawa ɗan kaɗan kaɗan wuri guda, kamar mai ba kaji tsaba.

Na ce, "Malama, buɗe yatsu. Ba alli ba ne."

Ba ta waiwayo ba. Ta sake ɗiba, ta kai hannu baya, ta buɗe.